Sashen duba zuciya na wani asibitin kuɗi a Kano

Na yaba wa likitar nan. Ƙafafun Baba sun kumbura, numfashinsa na sarƙewa. Ta yi masa hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti, ta ga bangon zuciyar ya yi kauri alhali ba shi da hawan jini, sai ta yi zargin cutar amyloidosis ta zuciya, gwaji kuma ya tabbatar.

Ta zaunar da mu ta bayyana cewa wani gurɓataccen furotin ne ke taruwa a naman zuciya har ya sandare. Abin da ya fi kashe masu cutar shi ne gazawar zuciya da rikicewar bugunta. Ta dakatar da digoxin, wani maganin zuciya da yake sha, ta daidaita masa maganin rage ruwa.

Jira akwai tsawo, kujeru sun yi kaɗan. Maganin tafamidis kuwa, wanda ake bayarwa don wani nau'in wannan cutar, tsadarsa ta fi ƙarfinmu.