Zagayen Port Louis da ɗan jagora: abin da na samu da abin da ya rage

Mafi yawan masu zuwa tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya bakin teku ne ke kawo su, shi ya sa da yawa ke komawa gida ba tare da sun taka Port Louis ba, ko kuma su ratsa ta a mota su ce sun gani. Ni kuwa babban birnin ne ya fi jan hankalina, don haka na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido kuɗin zagayen rabin yini, wanda akasarinsa da ƙafa ake yi, tare da ɗan jagora haifaffen garin. Kuɗina bai tafi a banza ba, amma akwai gyara a yadda aka raba lokacin zagayen, kuma gyaran ba ƙarami ba ne.

An fara da kai mu a mota zuwa tsohon sansanin soja na Fort Adelaide, wanda Turawan Ingila suka kammala a 1840 a kan wani tudu cikin gari, suka sa masa sunan matar Sarki William na Huɗu. Fara zagayen daga nan dabara ce mai kyau, domin wanda bai ga birnin daga sama ba ba zai gane dalilin zamansa a wurin ba. Duwatsun Moka sun kewaye garin ta baya kamar ƙwarya, da ƙololuwar Le Pouce mai tsayin fiye da mita 800, sannan tashar jiragen ruwa tana gaba, tana fuskantar arewa maso yamma. Jagoranmu ya bayyana cewa iskar da ta fi kaɗawa a tsibirin daga kudu maso gabas take zuwa, kuma jiragen da iska ke tuƙawa sun sha wahalar fita daga tsohuwar tashar Grand Port da ke wancan ɓangaren. Saboda haka gwamnan Faransa Mahé de La Bourdonnais, wanda ya iso a 1735, ya mai da hankali ga wannan mashigin da duwatsu suka kare, ya gina birnin da ke ɗauke da sunan Sarki Louis na Goma Sha Biyar.

Abin da ya burge ni shi ne mutumin bai tsaya a kan yabon wurin ba. Ya nuna mana cewa duwatsun da suka ba jirage mafaka su ne ke tare zafi a cikin gari, kuma su ne ke kwararo ruwan sama zuwa titunan da ke ƙasa, kamar yadda ya faru a ambaliyar 30 ga Maris 2013 wadda ta ci rayuka 11. Ya kuma kawo annobar zazzaɓin cizon sauro ta 1866 zuwa 1868, wadda ta kori masu hali zuwa tudun tsakiyar tsibirin, wajen Curepipe. Har yau ma'aikata da yawa daga can suke gangarowa da safe su koma da yamma, wasu a sabon jirgin ƙasa na Metro Express, shi ya sa garin da ke cike maƙil da rana yake yin tsit bayan magariba. Daga saman sansanin ana hango filin sukuwar Champ de Mars, wanda aka buɗe a 1812, inda aka ɗaga tutar 'yancin kai ranar 12 ga Maris 1968.

Da muka sauko, mun ratsa dandalin Place d'Armes da dogayen itatuwansa da tsohon gidan gwamnati, muka leƙa gidan tarihin halittu inda aka ajiye ƙasusuwan dodo, tsuntsun nan marar tashi da ya ƙare a ƙarni na 17. Wannan ɓangaren an yi shi da sauri, kuma ban ga laifin hakan ba.

Masallacin Juma'a da ke titin Royal, wanda 'yan kasuwa Musulmi 'yan asalin Indiya suka fara ginawa a shekarun 1850, ya fi abin da na zata. Daga waje fari ne da kore, shaguna sun manne masa, amma da zarar mutum ya shige ƙofar katakon nan mai sassaƙa sai hayaniyar titi ta yanke, ya tarar da farfajiya mai sanyi da tsohuwar bishiya a tsakiyarta. Jagoran, duk da ba Musulmi ba ne, ya gargaɗi kowa tun kafin mu isa kan sutura da cire takalmi, kuma da na nemi in yi salla ya jira ba tare da nuna ƙosawa ba. Unguwar 'yan Sin tana maƙwabtaka da masallacin, babbar kasuwa kuma ba ta da nisa. A can muka ci dholl puri, wata lallausar gurasa da ake cusa wa niƙaƙƙen wake a naɗe ta da miya, muka kora da alouda mai sanyi, wanda madara ce da 'ya'yan wani ganye. Kuɗin waɗannan yana cikin abin da aka biya, amma wanda zai yi tsaraba ya riƙe 'yan rufi, wato kuɗin ƙasar, a hannu, domin ba kowane mai tebur ke karɓar kati ba.

Inda na sami matsala shi ne Aapravasi Ghat, tsohon masaukin 'yan ƙwadagon da aka kwaso daga Indiya. Bayan Ingila ta ƙwace tsibirin a 1810, an soke bauta a 1835, masu gonakin rake kuwa suna neman hannuwa masu arha, sai aka shiga kwaso 'yan ƙwadago daga Indiya a kan yarjejeniyar shekara biyar. Jirgin farko ya iso tun kafin sokewar ta fara aiki, ranar 2 ga Nuwamba 1834, ranar da ƙasar ke hutu dominta har yanzu. An gina wannan masaukin a bakin tashar a 1849, kuma daga 1834 zuwa 1920 kusan mutum rabin miliyan ne suka shigo tsibirin ta wannan tsari. A nan ake duba lafiyarsu, a ba kowa lamba, daga baya har a ɗauki hotonsa, kafin a rarraba su gonaki. Abin da ya saura na ginin kaɗan ne: 'yan bangaye na baƙin dutse, da wurin wanka, da ɗakunan asibiti, da matakala 16 da baƙin ke hawa idan sun sauka daga ruwa. Kimanin kashi biyu bisa uku na mutanen Morishus a yau zuriyar Indiyawa ne, don haka wannan ɗan fili shi ne ƙofar da kakannin akasarin al'ummar ƙasar suka shigo, kuma wannan ne ya sa UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006.

A irin wannan wuri tsarin kamfanin ya ba mu lokacin da bai isa a karanta ko rabin bayanan da ke ɗakin baje kolin ba. Jagoran ya san tarihin sarai, har ya gaya mana cewa nasa kakannin ta nan suka bi, amma yana magana yana duba agogo. Abin da ya fi damuna kuma shi ne labarin bayin da aka kawo daga Madagaska da Mozambik, waɗanda da guminsu aka gina tashar da manyan gine-ginen zamanin Faransa, bai samu fiye da 'yan jimloli ba, alhali tsohon asibitin sojan da aka mayar gidan tarihin bauta yana nan kusa, muka wuce shi ba mu shiga ba. A ganina, zagayen da ya kira kansa na tarihi bai kamata ya yi wa wannan babi ɗaukar tsuntsu ba.

Lokacin da aka tsuke a can, an sake shi a Caudan, rukunin shaguna da gidajen abinci na bakin ruwa da aka buɗe a 1996. Wuri ne mai tsabta da daɗin hutawa, amma ba ya bukatar jagora. Abin da ya cancanci tsayawa a cikinsa shi ne gidan tarihi na Blue Penny, inda ake nuna kan sarki biyu na 1847, ja da shuɗi, waɗanda ke cikin mafi tsada a duniya. 'Yan mintoci kawai ake haska su a kowace awa don kada launinsu ya koɗe, kuma kuɗin shiga ba ya cikin na zagayen, abin da ya kamata a faɗa tun wajen biya.

Duk da haka ina ba mai zuwa shawarar ya yi wannan zagayen, musamman idan zamansa a tsibirin gajere ne. Ya zaɓi na safe a ranar aiki, domin shaguna da yawa na rufewa daga yammacin Asabar, ya kuma tanadi ruwa da hula idan tsakanin Disamba da Maris ne, lokacin da zafi ya fi tsanani kuma guguwar teku kan iya ɓata shiri. Sannan ya gaya wa kamfanin tun kafin ya biya cewa yana so a rage zaman Caudan a ƙara na Aapravasi Ghat da gidan tarihin bauta. Idan ba su amince ba, ya rabu da ayarin a bakin tashar ya kammala wuraren biyu da kansa.