Shirin yara na laburaren unguwarmu: wuƙar ban damu da ita ba, batiran ne suka ɓata min rai

Tunda na sa hoton motar karan da 'yata ta ƙera, iyaye mata ke ta tambayata ko shirin hutun da laburaren nan na bayan kasuwa ya yi ya ci kuɗinsa. Kun san wurin, kun san abin da suke karɓa, ba sai na maimaita ba. Yara biyu na kai, babbar mai shekara tara da ƙaninta mai biyar. Kuma ba don wata ƙirƙira na kai su ba, so nake su bar min gida in huta da rigimar waya, in Allah ya sa su karanta ɗan littafi, falillahil hamdu.

Ashe karatun kaɗan ne. Da safe a karanta musu labari ɗaya, sai a kwashe littattafai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a zube musu kwalaye, murafen lemo, gwangwanaye, tsummoki da damin kara, da yake an gama girbin dawa. Ba a ajiye musu wani samfuri a ce kowa ya kwaikwaya. Malamin da ke tare da su, wani saurayi marar yawan magana, sai ya ce yau a yi abin da zai yi tafiya, ko abin da zai ɗauki dutse bai karye ba, ya ja gefe ya zauna.

Wata rana na je ɗaukarsu da wuri, sai na tarar da 'yata riƙe da wuƙa. Ba ta roba ba, wuƙa ce ƙarama mai kaifi, tana feƙe kara da ita. Ga filasta naɗe a manuniyarta ta hagu, jini ya ɗan ɓullo ta sama. Yarinyar da ko albasa ba na bari ta yanka a gida! Ban tsaya gaisuwa ba na nufi malamin.

"Malam, wa ya ba yarinya wuƙa? Kuma ta yanke babu wanda ya kira ni?"

Ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa Hajiya. Ba wuƙar ce ta yanke ta ba, ɓawon karan ne. Ki tambaye ta, ta fi ni iya bayani."

Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Umma, zare shi na yi ta tsakanin yatsuna. Ba a zarewa, ɗagawa ake yi a karya. Kin gani." Ta ɗauki wani kara ta ɓare shi a gabana tas, ta miƙo min totuwar. Daga nan ta shiga jero min dokokin tabarmar wuƙa: a zaune ake aiki, sai ka miƙa hannu ka juya ka tabbatar ba ka taɓa kowa ba kafin ka fara, gaba ake tura kaifi ba wajen jiki ba, in za ka ba wani ƙotar za ka miƙa masa. Yara huɗu kaɗai ke zama a tabarmar a lokaci ɗaya, kuma a nan malamin yake kafa ido. Da ta yanke, wanke mata ya yi da ruwa da sabulu, ya danne da auduga, ya sa filasta, sannan ya tambaye ta hutawa za ta yi ko ci gaba. Ta ce ci gaba.

Faɗan da na zo da shi ya bi ruwa. Na zauna a benci ina kallo, tayar motarta tana ta ficewa daga tsinken da ta yi gatari da shi. Ta mayar, ta tura, ta sake ficewa. Ni daga inda nake hannuna ƙaiƙayi yake in je in gyara mata. Shi kuwa da ta kai masa ƙara cewa kawai ya yi, "Me kike gani yake sa ta fita?" Ta dawo tana ƙunƙuni, idonta ya kawo ruwa, har na ce a raina wannan malami bai da tausayi. Can sai ta yanko guntun totuwa ta soke a bakin tsinken, taya ta tsaya. Ihun da ta yi sai da mai gadi ya leƙo.

Mu fa da muna yara haka yayyenmu maza suke ƙera motar kara da ta langa-langa a bayan gida, da tsohuwar reza mai tsatsa, babu mai kallonsu. Yanzu mun killace namu, daga makaranta sai Islamiyya sai allon waya. A wannan tsakar gidan an dawo da waccan wasa, amma da babba a kusa da akwatin magani. Har labarin William Kamkwamba malamin ya ba su, yaron nan na Malawi da yunwa da rashin kuɗi suka fitar da shi daga makaranta, ya ga hoton injin iska a wani littafin laburare, ya haɗa nasa da tarkace da kayan keke yana ɗan shekara 14. Tun daga ranar babu tocilar da ta tsira a gidana.

Na je na bincika, na ga ba son ransa malamin yake yi ba. Wata mai bincike 'yar Norway, Ellen Sandseter, tun 2007 ta kasa wasannin kasada na yara gida shida, ciki har da hawa sama, gudu, da aiki da kaya masu kaifi. A Janairun 2024 ƙungiyar likitocin yara ta Kanada ta fitar da matsaya cewa a kare yaro gwargwadon buƙata, ba a toshe masa kowace kafa ba. Da a nan abin ya tsaya, wallahi da babu abin da zan ce sai sambarka.

Sai aka shiga makon fitila. Aka raba musu 'yan ƙananan ƙwayayen fitila da batiran nan masu faɗi irin na makullin mota, yaro ya matse batiri tsakanin ƙafafun ƙwan biyu, doguwar ƙafa a gefen da ke da alamar tarawa, wuta ta kama. Abin sha'awa ne, ban musa ba. Amma da daddare ina cire wa ƙaramin wando na ji abu a aljihu, batiri ɗaya. Na ɗago kai in tambaye shi, sai na ga kumatunsa a cike. Na biyun yana bakinsa, yana tsotsa kamar minti.

Har yanzu in na tuna jikina rawa yake. Wanda bai sani ba ya sani: irin wannan batiri in ya maƙale a hanyar abinci, yawu ne ke haɗa wutarsa, ya haifar da sinadari nau'in sodar haɗa sabulu, cikin awa biyu ya iya ƙona naman wurin. Da ya haɗiye yana barci fa?

Washegari na je. Malamin ya ba ni haƙuri sosai, ya ce daga yau da ƙidaya zai bayar da ƙidaya zai karɓa. Matar da ke teburin rajista ce ta ƙular da ni. Wai, "Ai Hajiya tsarinmu ke nan, barin yara muke su gwada." Gwada me? Su likitocin Kanada ɗin ma sun raba tsakanin kasadar da yaro yake gani ya auna da kansa, da haɗarin da bai san yana nan ba, wanda kawar da shi aikin manya ne. 'Yar shekara tara tana ganin kaifin wuƙa. Ɗan shekara biyar me ya sani game da batiri? Kuma laifin ba na malamin ba ne shi kaɗai. Yara sun fi talatin, manya da ƙanana a cakuɗe, an bar wa mutum ɗaya, sauran ma'aikata suna ciki suna danna waya. Da na tuna ma, rashin kirana ranar yankan nan bai kamata ba, ko saƙo ai sai a turo.

Ranar rufewa kuma suka ƙarasa ni. An gayyaci baƙi, an jera kayan yara a tebur, amma na gaba-gaba duk wasu gidajen kwali ne masu kyau, layi a miƙe, fenti bai zuba ba. Kowa ya gani ya san hannun babba ne. Motar 'yata mai karkatacciyar taya da sauran irinta an tura su can baya, inda hoton Facebook ba zai kama ba. A mota ta tambaye ni, "Umma, tawa ba ta yi kyau ba ne?" Bayan an gama koya mata cewa ta gwada ko da ba zai yi kyau ba.

To ga masu tambaya: in yaronki ya kai shekara takwas, kuma kin tabbatar wannan malamin yana nan, kai shi, babbar tawa ma za ta koma don ta riga ta fara tara murafe. Ƙaramin kam ba zai sake taka wurin ba sai sun raba aji sun ƙaro mutum. Kuma a duba aljihun yara kullum kafin a baro ƙofar. Kuɗin riga da suka karɓa tun ranar rajista kuwa, har yau ba mu ga riga ba.