Samarin da ke yi wa baƙi jagora zuwa saman Dutsen Kufena

Duk mai son hawa Kufena, a bayan Wusasa da ke Zariya, gara ya nemi ɗaya daga cikin samarin ƙauyukan gindin dutsen. Sun san hanya kamar tafin hannunsu: inda dutsen ya yi santsi, inda macizai ke fakewa, da ragowar tsohuwar ganuwar da baƙo zai wuce bai lura ba.

A fara hawa da ƙarfe 6:30 na safe. Zuwa 11 dutsen ya ɗau zafi har ba a iya dafa shi da hannu. Kowa ya riƙe ruwa lita 2, ya sa kambas mai ƙasan roba, domin silifas kan yaudari mutum wajen saukowa. Da damina gansakuka na kwantawa a hanyar ruwa, jagora nagari zai zagaya da ku ta gefe. Lokacin hunturu kuwa hazo kan rufe birnin, hoto ba ya fita.

Matsalarsu ita ce farashi ba tsayayye ba ne, sai a yi ciniki a ƙasa tun kafin a taka dutse. Ba kowa ke ɗauke da akwatin magani ba, a zo da filasta da aidin. Jagora ɗaya kada ya wuce mutum 6.