Kwas ɗin ƙarasa labari: ranar farko ta biya, ta biyu da saura

Kwana biyu na yi a wani kwas na intanet kan dabarar binciken nan ta ƙarasa labari, awa uku kowace rana. Aikin digirina na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam ne ya kai ni, ina duba yadda ake kallon namijin da damuwa ta sa ya nemi taimakon likita. Hira ta gagare ni. Duk wanda na tambaya sai ya ba ni amsar da ya san za ta yi min daɗi.

Dabarar ba ta da wuyar faɗa: ka rubuta jimla ɗaya ko biyu a matsayin mabuɗin labari, ka miƙa wa mutum ya ƙarasa. Tunda a kan wani yake rubutu ba a kan kansa ba, bakinsa ya fi sakewa.

Da malamar ta fara da tarihi na ɗauka cika lokaci take yi, ashe nan gishirin yake. Ta taso daga gwajin TAT (Thematic Apperception Test) na Christiana Morgan da Henry Murray na 1935, inda ake nuna hoto a ce ka ƙirƙiri labari, da nufin tono abin da ke ɓoye a ranka. Ta biyo ta kan Matina Horner, wadda ta ba ɗalibai labarin Anne da ta zo ta ɗaya a ajin koyon likitanci, ta fito da batun tsoron nasara. Sai 1995, lokacin da Celia Kitzinger da Deborah Powell suka gwada dabarar kan cin amana tsakanin masoya, suka nuna ana iya karanta labaran a matsayin abin da jama'a suka saba faɗa, ba sirrin zuciyar marubucin ba. Nan na gane kuskurena. Da na tashi in ce wane ya tsani masu damuwa don kawai ya rubuta mummunan ƙarshe.

Gyaran mabuɗi ya fi komai burge ni. Nawa jimla biyar ne, har da cewa mutumin yana jin kunya. Malamar ta ce ai na riga na ƙarasa musu labarin. Muka datse ya koma biyu, muka yi kwafi na biyu da mace a madadin namiji don kwatantawa. Ta kuma dage sai an gwada mabuɗi a kan mutane kaɗan, a kuma faɗa musu tsawon da ake so, in ba haka ba layi biyu za su jefo maka.

Rana ta biyu kuwa sauri aka yi. Tsarin fitar da jigogi, wato tsamo ma'anonin da ke maimaituwa a cikin labaran, na Virginia Braun da Victoria Clarke na 2006 mataki shida ne, aka ratsa su cikin minti arba'in, ba mu taɓa labari ko ɗaya da hannunmu ba. Na tambayi yadda zan yi da wanda ya mayar da abin barkwanci, aka ce shi ma bayani ne, aka wuce.

Wanda bai taɓa nazarin jigogi ba, ya fara koyonsa a wani wuri kafin ya yi rajista. An bar mana bidiyon na wata guda. Sashen mabuɗi sau uku na koma masa, na rana ta biyu ko buɗe shi ban yi ba.