Keto ko rage malmala: amsa ga Hajiyar da ke son rage ƙiba

"Don Allah 'yan uwa, wata ta ce in shiga keto in bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya, wata kuma ta ce rage awo kawai zan yi. Wanne ya fi sauke ƙiba, kuma wanne ake iya jurewa?"

Hajiya, rage awo za ki yi. Keto yana sauke nauyi, ba ƙarya aka gaya miki ba, amma a gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa kowa, ga zafin Sakkwato, da wuya ya kai ki wata uku.

Bari a fara raba su, don mutane na cakuɗa su. Keto shi ne sitaci da sukarin da za su shiga cikinki a yini kada su wuce giram 50. Ragewa ta tsaka-tsaki kuwa giram 100 zuwa 130 ce. Don ki ga abin a faranti: kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai giram 45. Malmalar tuwo mai girman dunƙulen hannunki ita ma can wajen take. Robar lemon kwalba ta santilita 50 ta haura giram 50 ita kaɗai. Ke nan a keto, kofin shinkafa ɗaya ya cinye kason yinin. Babu tuwo, babu fura, babu masa, babu hoce, babu kunu, babu burodi. Har wake sai an taka masa birki, don kofin dafaffen wake yana da kusan giram 35.

Abin da ke ruɗar mutane makon farko ne. A hau sikeli a ga kilo biyu sun tafi, a yi ta murna. Mafi yawansa ruwa ne. Jiki na da rumbun sukari a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram na riƙe da ruwa kamar giram uku. Da kin yanke sitaci sai jiki ya kwashe rumbun, ruwan ya bi fitsari. Ranar da kika koma tuwo, cikin kwana biyu zuwa uku kilon nan ya dawo, ki zaci ƙibar ce ta dawo, alhali ba ta taɓa tafiya ba. Kitse ba ya narkewa da wannan saurin. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar gaskiya.

In aka ja zancen zuwa shekara guda kuwa, tazarar ta kusa ɓacewa. A jami'ar Stanford ta Amurka an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, aka bi su wata 12. Sakamakon da ya fito a 2018: masu rage sitaci sun sauke kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5.3. A 2022 ƙungiyar Cochrane, mai bitar binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwaje 61 na mutane kusan 7,000, ta ga bambancin da ke tsakanin masu rage sitaci da masu cin abinci daidai-wa-daida wajen kilo ɗaya ne kawai. Wanda ya ci ƙasa da abin da jikinsa ke ƙonawa, kuma ya daɗe a kai, shi ke ramewa. Amfanin rage sitaci shi ne nama da ƙwai da wake suna riƙe ciki, yunwa ba ta saurin dawowa, sai ki ci kaɗan ba tare da kin ji kina azabtar da kanki ba.

Keto dai asalinsa ma ba don ƙiba aka ƙirƙiro shi ba, a 1921 likitoci suka fito da shi don yara masu farfaɗiya. Kuɗinsa kaɗai ya isa ya kore ki: ƙwai huɗu a yini kusan kiret ne a mako, ga nama ko kifi kullum daga Kasuwar Daji, ga tukunyarki daban da ta yara. Makon farko da ciwon kai, da kasala, da ɗaurewar jijiyar ƙafa, da warin baki, da taurin bayan gida, saboda ruwa da gishiri na fita daga jiki. Ki haɗa wannan da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garin nan. Wasu kuma gwajin kitsen jininsu hawa yake yi in suka dogara da man shanu da kitsen nama.

Ɗaya hanyar kuwa daga tukunyar gidanki za ki ɗiba, babu wanda zai ma lura kina wani tsari. Ga yadda yini ke tafiya.

Da safe, ƙwai biyu da albasa da tumatir, ko alala ɗaya, ko ƙosai huɗu zuwa biyar. Koko da kunu ki bar su ga yara. Shayi babu sukari, in ya gagara ƙwaya ɗaya, giram 4 ke nan. Da rana, kofi ɗaya na shinkafa, gara ma a ce shinkafa da wake rabi da rabi, sai ganye ya cike rabin farantin: kabeji, latas, kokwamba, ko kwaɗon zogale ko na rama. Da dare malmala ɗaya daidai dunƙulen hannu, miya kuwa ki zuba ta wadace ki. Kuka, kuɓewa, sure, alayyafo, duk babu wani sitacin kirki a cikinsu. Ki sa nama ko kifi kamar faɗin tafin hannunki. In yunwa ta taso da la'asar, kofin nono babu sukari, giram 12 ne. In kin haɗa lissafin za ki ga kin tsaya wajen giram 120 zuwa 130, kuma kin ci tuwo tare da iyalinki.

Tsarin ci ma yana da tasiri. Ki fara da ganye da nama, tuwon ya zo ƙarshe. Kwaɗon zogale da aka ji masa albasa da tumatir da ɗan ƙuli-ƙuli, in ya riga tuwo sauka ciki, malmala ta biyu ba ta ko ba ki sha'awa. Ki kuma zuba naki a faranti daban. A kwano ɗaya da jama'a ba a sanin abin da hannu ya ɗiba.

Fura ce babbar jarrabawar Basakkwace, na sani. Ba sai kin rabu da ita ba. Rabin curi, nono ya fi yawa, kada ki sa sukari, kuma ki lissafa ta a matsayin abincin rana, ba abin kora abinci ba. Abin da aka sha ba ya riƙe ciki kamar abin da aka tauna, shi ya sa zoɓo mai sukari, kunun aya, lemon kwalba da maltina su ne farkon abin da za ki sallama. Mutane da yawa wannan kaɗai in suka bari, sikeli ya fara motsi.

Inda ake faɗuwa guri uku ne. Na farko mai. Cokali ɗaya babba na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), sai mace ta rage tuwo ta ninka soye-soye, awara da ƙosai suna ninƙaya, ta ce tsarin ba ya aiki. Ki auna man da cokali, kada ki tuttula daga galan. Na biyu gyaɗa da ƙuli-ƙuli: sitacinsu kaɗan ne, amma giram 100 na gyaɗa ya kusa kalori 600, cikin tafin hannu ɗaya ya isa. Na uku zancen nan da ake yawo da shi cewa tuwon dawa ko na alkama ko acca ba su da sukari. Duk hatsi ne, a busasshen giram 100 sitacinsu na kai-komo wajen giram 70. Wanda ba a surfe shi tas ba ya fi riƙe ciki saboda dusarsa, shi ke nan fifikonsa, awon bai canja ba. Zuma ma sukari ce, cokali ɗaya giram 17. Da azumi kuwa dabino uku da ruwa, a yi sallah, sannan a zauna ga faranti irin na sama. Kunu da soyayyen dankali da masa a zama ɗaya su ke sa a fito Ramadan da ƙarin kilo.

Akwai waɗanda ko ragewar ba za su fara ba sai sun ga likita. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, in ta rage sitaci ba a rage mata magani ba, sukarinta na iya faɗuwa har ta suma. Mai shan maganin sukari na empagliflozin ko dapagliflozin kada ta kusanci keto sam, yana iya jawo tsamin jini mai kai mutum gadon asibiti. Mai maganin hawan jini ta riƙa auna jininta, don yakan sauka in nauyi ya ragu. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda, keto ba nasu ba ne. In kina cikin waɗannan, ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ki nemi a haɗa ki da masu kula da abinci.

Ba ki tambaya ba, amma tunda kin furta rage ƙiba a bainar jama'a, yau ɗin nan za a fara biyo ki ta bayan fage da shayin rage tumbi, da gahawar keto, da ƙwayoyin "narkar da kitse cikin kwana bakwai". Kada ki tura ko sisi. Yawancin shayin nan filasko ne, gudawa yake sa ki, ruwa ya fita, sikeli ya sauka, a ce magani ya yi aiki. Wasu da maganin sa fitsari ake haɗa su. An sha kama irin waɗannan kayan da sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hoton "da" da "yanzu" kowa na iya ɗauko shi a intanet. Lambar NAFDAC ma ana buga ta bogi a kwali, kuma ko ta gaske ce ba ta nufin abin yana narkar da kitse. Duk mai sayarwar da ta ƙi nuna miki jerin abin da ke ciki, ta ce sirri ne, ki bar mata kayanta.

Kuɗin ki sayi sikeli da tef ɗin tela. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ki ci komai, rana ɗaya tsayayya. Ki auna ƙugunki daidai cibiya sau ɗaya a wata, abin nema shi ne ya gaza rabin tsawonki. In kilo 90 gare ki, ki sa ido ga kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida, wannan ya isa ya taɓa sukari da hawan jini. Ki ƙara da tafiyar minti 30 bayan sallar asuba ko bayan magariba in rana ta yi sanyi. In mako uku suka wuce sikeli bai motsa ba, kada ki taɓa malmalar tukuna, ki fara duba cokalin mai da abin da kike sha.