Na je koyon haɗa lemun biki, na dawo ina tsarguwa da Chapman

Sana'ata zoɓo ce da kunun aya da lemun citta, ina kai wa gidajen biki a Kaduna. Tun bara amare suka dame ni da tambaya: Hajiya, ba kya yin mohito? Ba kya yin Chapman irin na otal? Shi ya sa da na ga tallar wani horo na yini guda a Abuja, na biya mana ni da ƙanwata, kuɗin nan da kuka sani ba kaɗan ba. Kafin in tura sai da na kira na ce musu ni giya ba na sha, ba na ɗanɗanawa, ba na sayarwa. Yarinyar da ta ɗauki wayar ta ce in kwantar da hankalina, teburin marasa giya daban yake.

Da safe kam na ji daɗi, ba zan ci hakkin malamin ba. Mutumin ya san aikinsa, kuma bakinsa da labari. Ya ce mohito ɗan Kyuba ne, asalinsa da giyar rake ake yi, mu kuma aka ba mu soda zalla. A nan na gane abin da ke ɓata min nawa a gida: niƙa na'a-na'ar nake yi a bilenda, shi ya sa take ɗaci. Ashe dannawa kawai ake yi a hankali da ɗan muciya, tare da sukari da lemun tsami, ƙamshin ya fito ganyen bai dagargaje ba. Wannan kaɗai ya kusa biyan kuɗin motata. Ya ba mu labarin pina kolada ta abarba da kwakwa, wadda Puerto Rico ta ayyana a matsayin abin shan ƙasa a 1978. Sai na ruwan tonik, yadda Turawan Ingila a Indiya ke shan kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro, ɗaci ya ishe su suka riƙa sirka shi da sukari da soda da giyar da ake kira jin. Ƙanwata ta ce ashe su ma ba sa son maɗaci.

Bayan azahar aka zo kan Chapman, wanda ake cewa a Legas aka fara shi. Fanta, Sprite, jan ruwan grenadin, yankan kokwamba, lemun tsami, ƙanƙara cike da babban kofi. Sai ya ɗauko wata 'yar kwalba mai murfi rawaya, takardar jikinta ta fi ta tsawo kamar yaro ya sa rigar babansa. Angostura ke nan. Ya ce wani likita Bajamushe, Johann Siegert, shi ya haɗa ta a 1824 a garin Angostura na Benezuwela, yana aiki da rundunar Simon Bolivar, don maganin ciwon ciki. 'Ya'yansa suka mayar da sana'ar Tirinidad a 1875. Har da labarin da ake bayarwa cewa ɗan'uwa ɗaya ya sayo kwalabe, ɗayan ya bugo takardu, ba su yi shawara ba, aka bar abin a haka. Muna ta dariya ya bi kofunanmu yana ɗiga mana.

Na sha ya kai rabi, wallahi da daɗi, sai ƙanwata ta taɓa ni. "Yaya, duba nan." Ta juya kwalbar. Barasa kashi 44.7 cikin ɗari, ya fi na yawancin wiski. A teburin da aka ce na marasa giya ne.

Jikina ya yi sanyi. Na ce, Malam, me ka zuba mana? Sai cewa ya yi, "Madam, ɗigo huɗu ne fa a kofi guda, kowa ya san Chapman lemu ne." Ko haƙuri bai bayar ba, ya juya ga teburin gaba. Ni ba fatawa na je nema ba, hukuncin ɗigo huɗu na bar wa malamai. Abin da ya ƙona min rai shi ne na faɗa tun kafin in biya, kuma mutumin da ya san shekarar da aka koma Tirinidad ba zai ce bai san abin da ke cikin kwalbar ba. Da ya ce ga abin da ke ciki, mai so ya miƙo kofi, da shi ke nan.

Daga nan idona ya buɗe. Ɗan ma'aunin ƙarfen da ake auna giyar jin da shi a can teburin masu giya, shi yaransa ke kawowa teburinmu bayan an tsoma shi a bokiti ɗaya. Na tambayi abin da zan sa a madadin Angostura, ya ce babu, in babu ita ba Chapman ba ne. To me na biya kuɗi in koya? Takardar shaida ma da suka ba ni an rubuta sunana ba daidai ba.

A hanyar dawowa ina ta lissafin Chapman nawa na sha a dina tsawon shekaru ban taɓa tambaya ba. Da na iso gida na dafa kanumfari da citta da ɓawon lemun zaƙi har ruwan ya yi kauri, na ɗiga a nawa. Bai yi irin nasu sak ba, amma maigida ya sha kofi biyu, kuma shi na kai wani kamu a Unguwar Rimi aka shanye tas.

Takardun darasin da suka ce za su turo ta WhatsApp har yau shiru. Na rubuta musu ƙorafi, na ga alamar an karanta, yau mako uku ke nan babu amsa.