Turararriyar randa daga Gujungu: abin da na gani bayan wata 6

Ana saura mako 2 a ɗauki azumi uwargida ta tashe ni da aike. Randa take so, kuma ta ce kada in kuskura in dawo mata da wata robar. Kular da muke zuba ruwan sha ta shekara 3, murfinta ya tsage, kuma in ba ƙanƙara aka jefa mata ba, ruwanta da la'asar kamar wanda aka ɗumama wa maijego. Ƙanƙarar kuwa a ƙauyenmu sai an aika Ringim. Ranar Lahadi na hau babur na nufi kasuwar Gujungu.

A layin masu tukwane na tsaya gaban wata dattijuwar maginiya da ta jera randunanta kashi 2, girmansu ɗaya, zanensu ɗaya, amma kuɗinsu daban.

"Inna, me ya raba waɗannan da waɗancan?"

"Malam, ba da ido ake ganewa ba. Sunkuya ka shaƙa."

Na farko ƙamshin ƙasa kawai yake yi, irin na tsakar gida in an yi yayyafi. Na biyu da na zura kaina sai na ji kamar na shiga ɗakin kakata, Allah Ya jiƙanta: hayaƙi, kajiji, da wani ɗan ƙamshi mai zaƙi a ƙarƙashinsu. Ta ce bayan ta gasa randa tana jiƙa cikinta da ƙasari kwana 2, ta shanya, sannan ta kife ta a kan kasko mai garwashi da totuwar masara da kajiji da ɗan ƙaron hano, sau 3 cikin kwana 3. Wadda ba a turara ba naira 4,000, turararriya 5,500. Na ɗauki turararriya guda, mai cin jarka 2 ta lita 25 har da ɗan saura, na haɗa da ƙaramin tulu shi ma turararre a kan 1,800. Kafin ta karɓi kuɗina ta ƙwanƙwasa cikin randar da zobenta, ta ce in saurara: in ta yi ƙara ras, lafiya lau take, in ta yi dum-dum, akwai tsaga a ɓoye. Tawa ta yi ras. Ta kuma ce ruwan farko da na biyu a zubar.

Wannan gargaɗin ne na yi wa riƙon sakainar kashi. Da muka girke ta a kan yashi a inuwar darbejiya, na cika ta, bayan isha'i na ɗebo a moɗa na miƙa wa uwargida cikin alfahari. Ta kurɓa, ta dube ni.

"Malam, wannan ai ruwan kashe gobara ka kawo mana."

Gaskiyarta. Ƙauri ne zalla, har da ɗan bauri a bayan harshe. Sau 4 muka zubar, ba 2 ba, kafin ya shawu. Daga kwana na 5 ne randar ta nuna halinta. Hayaƙin ya ja baya ya koma kamar tunanin hayaƙi, kajijin ya fito, kuma ruwan bohol ɗinmu mai ɗan ɗanɗanon ƙarfe ya yi laushi a baki. Baƙo 3 a makon farko na azumi sun tambaye ni me muke sa wa ruwa.

Batun sanyi ba zan ja shi ba, kowa ya san aikin randa. Amma da yake kemistiri nake koyarwa a sakandare, na aro ma'aunin zafi daga ɗakin gwaji. Wata la'asar cikin Afrilu zafin iskar inuwa ya kai digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ruwan da aka bugo daga famfo 31, na cikin randa 24. Ruwan da ke nasowa ta jikin yumɓu ya bi iska shi ke tafiya da zafin, kowane giram guda yana kwashe wajen jul 2,400 (jul ma'aunin makamashi ne). Wannan dabarar ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ya ɗora a kai ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yanzu cikin Agusta, da iska ta ƙoshi da laima, bambancin da nake samu bai wuce 3 ba. Wannan ba laifin maginiya ba ne.

Tulun ne ya sa na zauna rubuta wannan. A tsakiyar azumi uwargida ta rasa inda za ta sanyaya zoɓo, sai ta juye shi a tulun, da citta da kanumfari, yamma 4 a jere. Daga baya ta wanke shi tas da soso, ta mayar da shi na ruwa. Washegari autanmu ya zo da kofi yana tsalle, wai ruwa ya zama ja. Ba ja sosai ba, ɗan jaja-jaja, da ɗan tsami-tsami da ƙamshin kanumfari a kan hayaƙin nan na asali. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kwana 10 tulun yana amayo zoɓon da ya sha, kullum yana raguwa, yara suna rububinsa.

Nan na tuna wani darasi da aka yi mana a Jami'ar Bayero kan yadda mazubi ke sauya abin da aka zuba masa. Misalin da littattafan suka fi kawowa na masu yin barasar wuski ne a Sikotland. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, ba na kuma fata, amma ilimin sinadaran da ke ciki shi ne dai wanda ke cikin tulun uwargida.

Wuski yana fitowa daga tukunyar tacewa fari fat kamar ruwa. Dokar wuskin Sikotland ta ce sai ya kwana a gangar itacen oak shekara 3 aƙalla kafin ya ci sunansa, kuma gangar kada ta wuce lita 700. Yawancin gangunan ba sababbi ba ne. A Amurka dole ne a zuba burbon, wato irin nasu wuskin, a sabuwar ganga wadda aka babbake cikinta, ba a maimaita ta, don haka tsofaffin, masu cin wajen lita 200, ake lodawa a kai Sikotland. Babbakewar nan tana farfasa liginin, wani sinadari da ke jikin itace, ya ba da banilin, mai ƙamshin banila, kuma oak na Amurka yana da wani sinadari mai ƙamshin kwakwa. Na Turai ya fi tanin, wato ya fi bauri, irin wanda ke cikin bagaruwar majema.

To, abin da ya yi kama da namu shi ne ƙarashe. Bayan wuski ya shekara 10 ko 12 a gangar farko, sai a juye shi a wata gangar da ta taɓa riƙe giyar inabi, ya yi 'yan watanni zuwa shekara 2. Katakon ya riga ya sha lita da dama na giyar, sai ya riƙa sakinta a hankali tare da nasa ɗanɗanon. Gangar sheri daga Jerez ta ƙasar Sifaniya, mai cin wajen lita 500, tana duhunta launi ta kawo ɗanɗanon zabibi da busassun 'ya'yan itace. Ta giyar Porto daga Fotugal tana ba da ja-ja, kamar yadda zoɓo ya yi wa tuluna. Ta Sauternes daga Faransa, mai lita 225, zaƙi-zaƙin zuma take kawowa. Kamfanin Balvenie na cikin waɗanda suka fara wannan a shekarun 1980, kuma tun 1993 suke sayar da wani mai suna DoubleWood, wato mai itace biyu. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yawancin gangunan sheri na yanzu ba tsofaffi ba ne na gaske. Musamman ake ƙera su a Sifaniya, a zuba musu sheri shekara 1 ko 2 don su sha, sannan a sayar wa masu wuski. Sana'ar Inna ta Gujungu ke nan, sai dai su da jirgin ruwa suke kai nasu kasuwa.

Har kurakuran iri ɗaya ne. Masu giyar inabi kan ƙona farar wuta a cikin gangar da ba kowa don kada ta yi funfuna, in ta yi yawa sai wuskin ya fito yana warin ashana, shekara 12 ta tafi a banza. Ƙaurin kwana 4 da muka sha ke nan. Kuma ƙaramar ganga ta fi babba saurin rina abin cikinta, saboda kowace lita tana samun katako mai yawa da za ta gogu da shi. Wannan na gani da idona: hayaƙi ɗaya aka yi wa randar da tulun, amma ruwan tulun ya fi mako 2 yana ƙauri, sai da zoɓon ya danne shi. A ganina bai kamata maginiyar ta turara tulu sau 3 kamar randa ba. Sau 1 ya isa.

Sai kuma ƙarewa. Masu wuski suna bambanta zubin farko da na biyu da na uku, don ganga tana gajiya. Randa ta fi saurin gajiya nesa ba kusa ba, tunda kullum ana cika ta ana wanke ta. Ƙamshin tawa ya yi ƙarfi mako 3, ya yi sanyi-sanyi wasu mako 3, zuwa ƙarshen wata na 2 babu komai sai ƙasa. Wannan maginiyar ba ta faɗa mini ba, kuma da ta faɗa da na ƙara taya ta ƙasa.

Da na kai wa mahaifiyata kuka, har na ɗan ba ta labarin gangunan Turawa, ba ta ko ɗago daga tsinkar zogalen da take yi ba.

"Kai da karatunka sai yau ka san randa tana son turare? Kawo min kasko."

Ta sa aka juye ruwan, randar ta sha iska wuni guda. Ta zuba garwashin gawayi kaɗan, ta barbaɗa dakakken kajiji, babu totuwa, babu ƙaro, ta kife randar a kai ta tokare gefe da ɗan dutse don wutar ta numfasa. Bai fi minti 15 ba. Ta ce a ɗauraye sau 1 a cika. Ruwan da ya fito ya fi na ranar da na saye ta daɗi, ba ƙauri ko kaɗan. Na tambaye ta me ya sa ba ta sa totuwa ba, ta ce totuwa ta sabuwar randa ce, don kashe warin yumɓu, tsohuwa ba ta buƙata. Tun daga nan duk ƙarshen wata ake yi, kajijin naira 200 yana kai mu sau 3.

Don haka ga wanda ya tambaye ni, ƙarin 1,500 ɗin nan ya danganta da gidanka. In akwai tsohuwa a gidan, sayi wadda ba a turara ba ka miƙa mata. In babu, turararriyar ta cancanci kuɗinta, don ta sauke maka wahalar makon farko na sabon yumɓu, in dai ka bi maganar zubar da ruwa, ka kuma ninka adadin da aka faɗa maka. Turararren tulu kuwa ba zan sake saya ba.

Ginin randar kansa ba ni da ta cewa. Wata 6, yara 4, akuya ta bangaje ta sau 1, ko ɗigo ba ta yi. Aibinta biyu ne. Ba ta zo da murfi ba, faifai muke rufawa, kuma iska na ɗauke shi. Sannan bakinta ya yi faɗi, har autan yana iya zura hannu da moɗa zuwa gwiwar hannu, abin da ba na so ko kaɗan a lokacin damina da cutar amai da gudawa ke yawo. Mun ɗaure moɗa mai dogon mariƙi a reshen darbejiyar, kuma ana wanke cikin duk kwana 3, ba sabulu, don yumɓun da ya riƙe zoɓo kwana 10 zai riƙe sabulu ma. Bayanta kan yi gansakuka tun da ruwa ya sauka, sai an goge da toka.

Lahadin da ta wuce na koma Gujungu na ce ta gina mini wata mai ƙaramin baki da murfin yumɓu, kada kuma ta turara. Ta ce sai bayan kaka, yanzu tukunya ba ta bushewa balle a gasa. Na ba ta labarin tulun da zoɓo, ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ai wannan tulun ya riga ya zaɓi sana'arsa, a bar masa. Haka muka yi. Jiya ma uwargida ta zuba masa tsamiya, muna jiran mu ji me zai yi da ita.